Cikon Arba'in

Ƙauyenmu ba wurin da matafiyi yake tsayawa ba ne. In ka baro Madina ka kama hanyar Badr, akwai inda za ka ratse dama bayan wani gidan mai, ka bi wata kwalta mai ramuka tsakanin baƙaƙen duwatsu har ka fara zagin wanda ya kwatanta maka hanya, sai kawai ka ga kore a gabanka. To ka iso. Duk maƙwabtanmu dabino suke nomawa, mu kaɗai ne masu inabi, kuma muna ji da wannan fiye da kima. Kakanninmu ne suka tako da ƙafa daga ƙasar Hausa, suka yi hajji, suka ƙi komawa. Sun yi wa wasu gidajen Larabawa ƙwadago a bakin rijiyoyin wurin har suka mallaki nasu gonakin. Ni a can aka haife ni, da katin ɗan ƙasa na tashi, kuma sai da na girma na gane katin nan shi ne duk bambancina da mutanen da suke yi mana aiki.

Inabin a kan rumfuna yake, layi-layi, sai mutum ya sunkuya yake bi ta ƙasa. Da sanyi a yi masa aski, a datse rassa har ka rantse an kashe shi. Da zafi ya zubo, a sa kowane nono cikin jakar takarda saboda tsuntsaye da rina. Mai kyau a kai kasuwar birni cikin akwatuna, na baya mata su shanya a kan soro ya zama zabibi, wanda ya fashe a zuba a tulu a yi hal, wato ruwan tsamin da muke sa wa salak. Abokan aikina a birni sukan zolaye ni, wai in faɗa musu tsakani da Allah me muke dafawa cikin tulunan nan. Nakan yi dariya a baki, a ciki kuwa ashar nake ɗura musu.

Amma a wurin Baba ba inabi ne ya mai da wurin gari ba, Juma'a ce. Yakan ce inda ba a hawa mumbari zango ne kawai, ko da gidajensa na bene ne. Yana saurayi ya ɗauki duwatsun ginin masallacin a kansa, kuma tun kafin a haife ni shi ne ladan. Duk abin da zan faɗa a kan wannan Juma'ar yake, yadda Baba ya riƙe ta da hannu biyu, da yadda muka ƙwace ta daga hannunsa.

Limaminmu wani tsohon Balarabe ne, mutumin kirki, amma in ya kama magana sai dai ka gaji ka bari. A littafin da ya karanta, Juma'a ba ta tsayuwa sai da maza arba'in mazauna gari, waɗanda ba sa barinsa da sanyi ko da zafi. An faɗa masa a ƙasar kakanninmu goma sha biyu sun wadatar, an faɗa masa akwai manyan malamai a birni da suke cewa ko uku ma, ya ce ya ji, amma shi ba da ra'ayin wani zai tsaya gaban Allah ba. In arba'in ba su cika ba, Azahar zai ja raka'a huɗu, kowa ya kama gabansa.

Saboda haka Baba yake ƙirga. Kowace Juma'a zai tsaya a bakin ƙofa da ƙwallayen dabino arba'in a aljihun dama. Duk mazaunin da ya shigo, ƙwallo ɗaya ya koma aljihun hagu. In dama ta ƙare sai ya ɗaga wa liman kai, liman ya hau. Ina yaro ko rabin mutane ba sa shigowa aljihun yake ƙarewa, har a riƙa tsokanarsa wai yana wahalar da dabino a banza.

Daga nan boko ta zo, aikin gwamnati ya zo, ruwan rijiya ya fara gudu ƙasa. Gidan da ake ɗora tukunya uku ya koma tsohuwa ɗaya da talabijin. Samari suka watse, wasu unguwannin Aƙiƙ da Ƙurban a Madina, wasu har Jidda. Ni ma na tafi. Nakan ce matata ce ta ƙi zama inda babu asibiti, amma ƙarya nake yi mata, ni ma na gaji da wurin. Na samu koyarwa a wata makaranta, na kama haya a Ƙurban. Yayana kuwa tuni ya yi gida a Aƙiƙ, 'ya'yansa in ka yi musu Hausa da Larabci suke amsawa, kamar nawa.

Da ƙwallayen suka fara nauyi a aljihun dama, sai dattawa suka fito da dabara. Kowane ɗan da ya koma birni ya bar katifa ɗaya da riga ɗaya a rataye a gidan ubansa. Shi ke nan, mazauni ne. Ranar Juma'a mu taho a motoci, muna ƙamshin turare, mu yi salla, mu ci abincin iyaye, kafin La'asar mun gudu. Liman ya sani sarai, ya kau da kai. Shekaru muka yi a haka, Juma'ar ƙauyenmu tana tsaye a kan katifun da ɓera kaɗai yake kwana a kai.

Ga abin da yake ci mini rai har yau. A bayanmu akwai sahu biyu cur na ma'aikatan gona, 'yan Nijeriya da 'yan Nijar, masu iƙama, wato takardar zaman da ake sabuntawa da sunan uban gida. Su suke kwana a ƙauyen, su suke tashi a ciki, su suke haƙa kabari in an yi mutuwa. Amma in sun zo ƙofar masallaci hannun Baba ba ya motsi. Baƙi ne, wai. Jikokin mutanen da suka iso wurin da tsumma a wuya ne suke kiran wani baƙo! Hausar da muke ƙwaƙulowa da kyar su a bakinsu take kamar ruwa, kuma duk da haka na sha jin yaron gidanmu ya ƙwala wa mai furfura kira ba ko sallama, ban tsawatar ba.

A cikinsu akwai wani tsoho Badamagare, shi yake kula da gonarmu. Tun kafin in yi aure ya zo, ya haura shekara talatin tare da mu. Matarsa ta rasu a gida tuntuni, 'yarsa guda ta yi aure nesa, daga baya ya daina zuwa hutu ma, ya ce wa zai je gani. Ɗakinsa na bulo yana gefen rijiya. Ya san kowace kurangar inabi kamar yadda makiyayi ya san shanunsa, wadda take son ruwa da wadda ruwa yake lalatawa. Ranar aski ba ya barin kowa ya taɓa almakashi sai ya nuna masa idon da za a bari. Shi ne na farkon isa masallaci ranar Juma'a, ya share, ya shimfiɗa dardumai. Shi da Baba abokan wasa ne, don kakan Baba Bakano ne. Baba da bai taɓa ganin Kano ko a mafarki ba zai tsaya yana cika baki wai ga bawansa ya iso, tsohon ya ce Kanawa dai sai baki, ko kunyar inabi ɗaya ba su iya gyarawa. Su yi dariya, tsohon ya wuce ciki, ƙwallo yana nan inda yake.

Da idanun Baba suka yi rauni har ya koma gane mutane da muryar sallamarsu, sai ya ba Yaya wakala a rubuce, ya riƙa sa hannu a madadinsa. Da ita muka sayar da gonar. Na ce muka, don da ni aka yi, har ofis na raka shi. Dalilai muna da su cike da baki: ruwa ya ja, sai an ƙara zurfin rijiya, inabin waje ya cika kasuwa, ba ɗan da zai gaji aikin. Duk gaskiya ne, kuma duk ba su ne suka sa muka ɓoye wa Baba ba. Tsoro ne. Mai sayen wurin hutu zai gina, irin wanda 'yan birni suke kamawa haya su gasa nama a ƙarshen mako. Ya yarda ya jira a gama tsinkar bana. Mai askin inabi ba shi da amfani a wurinsa, kuma ba wanda zai karɓi iƙamar tsoho mai shekaru irin nasa. Sai Yaya, da yake da sunansa takardar take, ya shirya masa fita ta ƙarshe, wadda ba dawowa. Ya same shi a gona ya faɗa masa, ya kuma gargaɗe shi kada Alhaji, wato Baba, ya ji, mu za mu sanar da shi da kanmu in an gama tsinka. Tsohon ya ce to. Yaya har yabonsa ya yi a mota, wai mutumin ba shi da matsala.

Saura wata guda a fara tsinka, maƙwabcinmu ya rasu ranar Talata. Kowa kukan mamaci yake, Baba kuwa har da na wani abu, don lissafin yana kansa ba sai ya taɓa aljihu ba. Da mu masu katifa, da gurgu, da kurma, da wanda ake turowa a keke, talatin da tara ne. Ba sauran ɗan da za a kira daga birni.

Ranar Alhamis da yamma Baba ya kira ni a waya, muryarsa kamar an yi masa albishir da jika. Ya ce ya je ya zauna wa liman tun bayan Azahar bai tashi ba sai da ya samu abin da yake so. Sauran ma'aikata liman ya ƙi a ƙirga su, ya ce suna da mata da gonaki a ƙasarsu, zuciyarsu tana can. Amma Badamagare kam liman ya yarda a ƙirga shi, da sharaɗi guda: ya faɗa da bakinsa a gaban jama'a cewa nan ne garinsa, ba ya da niyyar barinsa. Baba ya ce abin kunya ne ma da sai yanzu ya tuna, mutumin da ya fi mu duka zama. Ya ce in zo da wuri gobe, a yi abin a gabana.

Nan take na kira Yaya. Ko a jikinsa. Ya ce ai tsohon zai ce e, me zai rage shi da shi, kalma ɗaya ce, in je in lallaɓa shi kawai.

Na je. Da hantsi na same shi ƙarƙashin rumfa, yana buɗe jakunkunan takarda ɗaya-ɗaya yana duba nuna. Na gaishe shi da Kawu, abin da rabona da kiransa tun ina ɗan makaranta, kuma na ga ya lura. Na yi ta kewaye-kewaye, lafiyar Baba, hawan jininsa, abin da likita ya ce. Ya bar ni na gama tsaf. Ya mayar da jakar ya ɗaure, sannan ya juyo.

"Ɗan Alhaji, so kake in tsaya a masallaci, ranar Juma'a, in yi ƙarya don salla ta inganta?"

Na ce ba ƙarya ba ce, ai a zuciyarsa yana son zaman.

"So daban, niyya daban. Tikitina yana aljihun yayanka. In na ce e, sallar mutum arba'in ce a wuyana, ni kaɗai. Kun ce in yi shiru, na yi. Amma ban yi muku alkawarin in an tambaye ni zan yi ƙarya ba." Ya duba rana. "Da sauran lokaci. Je ka faɗa masa da bakinka, ya ji daga ɗansa."

Daga rumfar zuwa ɗakin Baba bai kai tafiyar minti uku ba. Na shiga na same shi ya yi wanka, ya sa farar rigarsa, yana ƙirga ƙwallaye a kan darduma yana ɗan waƙe-waƙensa. Na zauna. Na tambaye shi ko ya sha magani. Ya ce ya sha. Na ce zafi ya yi yawa bana. Ya ce ƙwarai. Wallahi iyakar abin da na iya faɗa ke nan, ni mai tsayawa gaban aji in yi wa 'ya'yan mutane wa'azin gaskiya. Can cikin raina ina fatan tsohon zai karaya in ya ga idon jama'a. Kun ji irin ɗan da Baba ya haifa.

Masallaci ya cika yadda yake cika, mu a gaba, ma'aikata a baya. Labari ya riga ya zaga, har wasu daga cikinsu sun sa sababbin kaya. Baba ya gama ƙirgarsa, ya shigo da ƙwallo ɗaya a tafin hannu, ya kira abokin wasansa ya taso gaba. Tsohon bai taɓa taka sahun farko ba sai da tsintsiya. Liman ya tambaye shi da Larabci, a hankali, Baba ya maimaita masa da Hausa duk da ba ya buƙata: shin nan ne garinka, ba ka barinsa da sanyi ko da zafi, har Allah ya yi ikonsa?

Tsohon bai dubi Yaya ba, bai dube ni ba. Ya dubi Baba.

"Alhaji, da a hannuna abin yake, a nan za a binne ni. Amma an gama mini takardar fita. In an tsinke inabin bana zan tafi."

Baba ya yi 'yar dariya, yana zaton wasan nasu ne. Ya ce wane ne zai kore shi, gonar wa zai bar wa?

"Gonar an sayar, Alhaji."

Baba ya juya fuskarsa wajen da yake jin muna zaune. Ba ya ganinmu sosai, amma na sunkuyar da kai. Yaya ya fara magana da Larabci, ruwa, kasuwa, maslaha, liman ya ɗaga masa hannu ya ce nan ba wurinta ba ne. Wani dattijo daga gefe ya ce a yi haƙuri a hau mumbari hakanan, yau kaɗai. Idon liman ya kawo ruwa, ya ce ba zai iya ba. Ya ce ladan ya tayar da salla, Azahar za a yi.

Baba ya tayar. Muryarsa ba ta yi rawa ba, wannan ma ya fi yi mini ciwo. Muka yi raka'a biyu a asirce, ba karatu a bayyane, muka zauna tahiya. Liman ya yi kabbara ya miƙe zuwa ta uku, sahu duka ya miƙe, Baba yana zaune. Ban sani ba ko jikinsa ne ya saba da sallama a nan, ko ƙafafun ne suka ƙi. Ina damansa, kafaɗata tana gogar tasa. Kafin in yanke shawarar miƙa hannu, tsohon da yake hagunsa ya riga ya sa hannu a hammatarsa ya ɗaga shi, ya riƙe shi har aka yi ruku'u.

Da aka sallame ba wanda ya tsaya gaisawa. Mutanen gari suka fita suna harararmu, har da waɗanda na san su ma suna cinikin nasu gonakin a ɓoye. Wasu kuma tsohon suke harara, na ji wani yana cewa ɗan ƙwadago ya kashe mana Juma'a. Kai, mutane! Baba bai tashi daga inda yake ba. Ya kamo hannun Badamagare, ya ce masa, kowa yana ji, shekara talatin yana wuce shi a bakin ƙofa kamar ba mutum ba, sai da ya matsu ya tuna da shi, ya yafe masa don Allah. Tsohon ya ce ba komai, ya yafe duniya da lahira. Shi ya raka Baba gida. Ni da Yaya muka biyo su a baya da tazara, kamar waɗanda suka zo ta'aziyya gidan da ba a san su ba.

An tsinke inabin, tsohon ya tafi. Ni na kai shi filin jirgi, da jaka ɗaya da galan ɗin zamzam. Bai zarge ni ba ko da kalma, duk hanya bayani yake yi mini yadda za a ciri reshe a dasa a wani wuri in muna so irin ya tsira. Ban dasa ba. Juma'a ba ta sake tsayuwa a ƙauyen ba, don da aka daina hawa mumbari mu 'yan birni muka daina zuwa, masu ƙarfi suka koma bin mota zuwa wani gari. Da katafila ta shiga gonar na ɗauko Baba na kawo shi gidana a Ƙurban, bai yi gardama ba.

Shekara biyu ya yi a wurina. Bai zage ni ba, bai ɗaga mini murya ba, da ma ya yi. Kowace Juma'a nakan tura shi a keke zuwa masallacin Ƙuba, cikin dubban mutanen da ba wanda ya san shi, ya yi sallarsa mu dawo ba magana. Sau uku ina durƙusawa gabansa in ce Baba ka yafe mini, na ƙarshen a asibiti, saura kwana biyu ya cika. Sau ukun amsa ɗaya ya ba ni, cikin taushin murya, yana shafa kaina: Allah ya yafe mana baki ɗaya. Na jira ya ƙara wani abu a kai, bai ƙara ba.